Birni Mai Ƙofa Biyar: Nazarin Jigon Yaƙi da Shaiɗan a Littafin The Holy War na John Bunyan

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba yadda John Bunyan (1628–1688) ya sarrafa aƙidar Kirista game da yaƙin ruhu a littafinsa The Holy War, watau Yaƙi Mai Tsarki, wanda ya fito a 1682. Tushen aƙidar yana cikin sura ta 6 ta wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Afisawa, inda aka kwatanta mai bi da mayaƙi. Shi kansa Bunyan ya yi soja a rundunar Majalisa daga 1644 zuwa 1647, lokacin yaƙin basasar Ingila, kuma ya yi zaman kurkuku a Bedford daga 1660 zuwa 1672 saboda wa'azi ba da izini ba. Ra'ayinmu shi ne, ƙarfin littafin yana inda ya ajiye haɗarin mugunta, watau a cikin zuciyar mutum.

2.0 Warwarar Jigo

Bunyan ya siffanta ran ɗan'adam da birni mai ganuwa da ƙofofi 5: ta Kunne, da ta Ido, da ta Baki, da ta Hanci, da ta Taɓawa. Sarki Shaddai ne ya gina shi, ya kuma yi shi yadda abokin gaba ba zai iya fasa shi ba sai da yardar mutanen gari. Don haka Diyabolus, watau Shaiɗan, da daɗin baki ya zo Ƙofar Kunne, mutane suka buɗe masa da hannunsu. Da shigarsa sai ya tuɓe Fahimta daga muƙamin magajin gari, ya kau da Lamiri, ya naɗa nasa.

Bayan Immanuwel ɗan sarki ya ƙwato garin, wani haɗarin ya sake tasowa daga ciki. Wani mazaunin gari, wanda sunansa ke nufin sakankancewa, ya lallashi jama'a da shagali har Immanuwel ya janye. Sannan ne fa Diyabolus ya komo da rundunar Masu Shakka. Sau biyu ke nan ɓarawon gida ya share wa na waje hanya.

3.0 Salo da Rauninsa

Mun ga rauni iri biyu. Na farko, tauraron labarin gari ne. A The Pilgrim's Progress (1678) mai karatu yana bin mutum guda, yana jin tsoronsa sa'ad da ya kara da Afoliyon. A nan kuwa an rarraba mutum ɗaya zuwa hakimai da sarakunan yaƙi masu yawa, har tausayin mai karatu ya rasa wanda zai bi.

Na biyu ya fi nauyi. Da yake an ba kowane zunubi suna da gida da sana'a, sai ya yi kama da maƙwabci. Ana kamo waɗannan mutanen Diyabolus, a yi musu shari'a, a gicciye su. Manufar marubucin a fili take, kowa ya kashe mugun halin da ke ransa. Amma fa wanda ya manta misali ne ake yi, yana iya fita neman Shaiɗan a gidan wani. Ba mu ɗora wa littafin alhaki ba, sai dai yana da kyau mu tuna cewa a 1692, shekara 10 bayan fitowarsa, 'yan Furitan na Salem a ƙasar Amurka ta yau, waɗanda aƙidarsu ta yi kusa da ta Bunyan, sun rataye mutum 19 bisa zargin maita. A can an ɗauke fagen fama daga zuciya an kai shi kotu.

4.0 Kammalawa

Labarin ya ƙare ba tare da an tsarkake garin sarai ba. Rashin Bangaskiya ya ƙi kamuwa, Immanuwel kuma ya bayyana cewa an bar sauran maƙiya ne domin jama'a su zauna a faɗake. Mai neman labari mai rufaffen ƙarshe zai ga wannan a matsayin naƙasu. Mu kuwa muna ganin nan ne zubi ya dace da jigo, domin a wannan aƙida yaƙin ba ya ƙarewa muddin da rai. Saboda haka duk mai nazarin wa'azi ko adabin yaƙin ruhu ya kamata ya fara da tambayar da littafin ya tilasta mana: a ina aka ajiye maƙiyin, kuma wa ke riƙe da mabuɗin ƙofa?