Ahmad S. Nuhu: An Gaji Takun, An Bar Ma'anar

Ranar 1 ga Janairu, 2007, ana tsakiyar hidimar Babbar Sallah, labari ya iso mana nan Dawanau cewa Allah Ya yi wa Ahmad S. Nuhu rasuwa a haɗarin mota kusa da Azare, a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Daren nan a gidan kallo, hatta 'yan dakon kasuwar hatsi sun yi jugum.

Mai karatu zai ce, jarumai nawa suka rasu? Me ya sa sai shi? Dalili shi ne rawa. Tun da Sangaya ya yi kasuwa, furodusoshi suka ɗauka in babu rawa da waƙa kaset ba zai sayu ba. Sai aka shiga cusa ta ko'ina, ko ta dace ko ba ta dace ba. Ahmad, wanda ya yi tashe tare da Ali Nuhu a kamfanin FKD, yana cikin ƙalilan da suka gane cewa rawa ma wasa ce. In yaron fim ɗin mai kunya ne, za ka ga kunyar a takunsa. In an yaudare shi, kafaɗarsa ma sai ta nuna.

Amma fa gaskiya ɗaya ce: tushen rawar tasa Indiya ne. Ga Koroso a Kano, ga rawar kalangu a kowane biki, amma masana'antar ba ta waiwaye su sosai ba. Wannan giɓi ya ba masu suka ƙofa. Watanni kaɗan bayan rasuwarsa, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a ƙarƙashin Abubakar Rabo ta ɗaure wa rawa ƙafa, kuma 'yan fim suka rasa hujjar cewa al'adarmu suke karewa.

Magadansa kuwa, da yawa juyi da tsalle kawai suka kwafa. Shi ya sa za ka cire waƙa uku daga fim, labarin bai rage komai ba.

Shawarata ga daraktoci: kafin a kunna kiɗa, a tambayi kai, me wannan rawar za ta faɗa wanda baki bai faɗa ba? In babu amsa, a bar ta.

Allah Ya jiƙan Ahmad, Ya kyautata namu ƙarshen.