Lokaci Mai Ci a Bakin Taurarin Labaran Yara

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda ake sarrafa lokutan Hausa a labaran yara, musamman idan masu karatun 'yan Kafanchan ne da kewayenta. Tun da garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, Hausa ta zama harshen tasha da kasuwa a tsakanin masu magana da Tyap da Jju da Gworok da sauransu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 kuwa ta ba harshen muhalli gurbi a azuzuwan farko na firamare. Saboda haka yaron da ya tashi da wani harshe a gida ya cancanci marubucin Hausa ya tuna da shi.

2.0 Muryar Mai Labari da Muryar Taurari

A tatsuniya muryoyi biyu ne ke aiki. Mai ba da labari yana jan zarensa da shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wato "sai ya tashi", "suka tafi". Da zarar tauraro ya buɗe baki kuwa, sai magana ta dawo yanzu, ta hau lokaci mai ci ko umurni. Mu dubi waɗannan misalai namu:

(a) Kura ta ce wa Gizo wai ita tana jin yunwa, shi kuwa ya ce mata wai shi ma haka, ita yake nema wa abinci.

(b) Kura ta ce, "Gizo, yunwa nake ji." Gizo ya ce, "Ai ke nake nema wa abinci, zauna nan."

A misali na (a) ma'ana ta rataya ne a kan "shi" da "ita", alhali da yawa daga masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu ba sa rarrabe jinsi a maganarsu ta yau da kullum. Nan da nan yaro zai rasa mai magana. A na (b) kuwa "nake" da "zauna" su ne Hausar da yake ji a bakin 'yan tallan tasha, kuma malami zai iya raba wa ɗalibai biyu su karanta kamar wasan kwaikwayo. Wannan dabara ce ta sa hirar aku da Musa ɗan sarki a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, take da rai har yau.

3.0 Inda Ake Zarce Gona da Iri

Sai dai akwai masu kwaikwayon salon Ingilishi, su ɗora labarin dungurungum a kan lokaci mai ci: "Ladi tana zuwa tasha. Tana ganin jirgi. Tana gudu gida." A ganinmu wannan kuskure ne. A kunnen mai jin Hausa, "tana ganin jirgi" shimfiɗa ce kawai, yana jiran "sai ta ruga" ya biyo baya. Idan "sai" bai zo ba, labari ya tsaya cik, yaro kuma ya koyi ginin jimlar da babu mai faɗinta a Kano ko a Kagoro.

4.0 Kammalawa

Abin da muke ba marubuta shawara shi ne su bar wa mai labari "suka" da "sai", su bar wa taurari "ina" da "nake". Su taƙaita zance, su ambaci sunan mai magana, su rage "wai". Ɗalibanmu masu zuwa koyarwar gwaji a Zonkwa ko Kwoi su karanta wa aji rubutunsu da babbar murya kafin su kai shi ɗab'i. Duk inda yaro ya ɗaga hannu ya tambayi wanda ke magana, to nan ne wurin gyara.