Wanke Hayaƙin Jiragen Ruwa: An Yi Gudun Gara, An Faɗa Gidan Zago

Mai karatu, idan ka wanke gindin tukunyar da ta sha hayaƙin itace, ina baƙin yake tafiya? Ka san amsar: tukunya ta yi fes, ruwan wankin kuma ya koma baƙi ƙirin. To, kusan haka dubban manyan jiragen ruwa suke yi da hayaƙinsu a yau, kuma da amincewar doka. Wannan doka nake so mu duba tare.

Manyan jiragen dakon kaya sun daɗe suna ƙona baƙin mai, wato ragowar da ke saura a matata bayan an cire fetur, kananzir da dizal. Yana da araha, amma cike yake da farar wuta, wadda ake kira sulfa. In ya ƙone, sai ya fitar da iskar da ke cutar da huhu, take kuma haddasa ruwan sama mai asid. Saboda haka Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, da ke Landan, ta rage yawan sulfar da aka yarda da ita a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin ɗari, daga 1 ga Janairun 2020. A yankuna irin su Tekun Baltik, iyakar kashi 0.1 ce tun 2015. Har nan kam, sai yabo.

Matsalar ita ce ƙofar da aka bari a buɗe. Dokar ta ce jirgi zai iya ci gaba da ƙona baƙin mansa in dai ya saka na'urar wanke hayaƙi. Samfurin da ya fi yawa yana zuƙo ruwan teku, ya fesa wa hayaƙin kafin ya fita, sannan ya mayar da ruwan cikin teku. Ruwan yana fitowa da tsami sosai, ma'auninsa na pH kan sauka zuwa wajen 3, alhali na teku yana wajen 8. Yana kuma kwaso ƙarafa masu guba irin su banadiyom da nikel, da sinadaran da ake kira PAH, waɗanda wasunsu ke jawo cutar daji.

Kuma fa ba ɗan ruwa ba ne. Irin wannan na'ura tana cin kusan tan 45 na ruwa a awa ɗaya kan kowane megawat na ƙarfin inji. Ka ga jirgi mai injin megawat 10 zai zubar da tan 450 a awa guda, wato ya fi cikin tankar mai 13 masu ɗaukar lita 33,000. A 2021, cibiyar bincike ta ICCT ta ƙiyasta cewa jiragen duniya na zubar da aƙalla tan biliyan 10 na wannan ruwa a shekara.

Masu jiragen suna da hujjarsu, kuma ba za mu ƙi sauraronta ba. Suna cewa ai teku dama cike yake da gishirin sulfa, kuma yana da ƙarfin kashe tsamin asid. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ƙarfe ba ya ruɓewa, wasu sinadaran PAH kuma suna daɗewa ƙwarai kafin su lalace. Suna kwanciya a cikin laka, su shiga jikin ƙananan halittun da kifi ke ci. Sannan ba duk teku ne ɗaya ba. Baltik kusan a rufe yake, gishirinsa kaɗan ne, kuma ruwansa kan ɗauki kimanin shekara 30 kafin ya sauya. Masu bincike a Jami'ar Chalmers ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa wannan ruwan wanki yana ƙara wa tekun nauyin ƙarafa da PAH.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ɗalibin kimiyya shi ne yadda ake awon. Ƙa'idojin IMO sun yarda a auna tsamin ruwan a nisan mita 4 daga bakin bututu, inda ake so pH ya kai 6.5. Wato sai ruwan teku ya tsarma shi tukuna. Tsarmawa kuwa ba ta rage yawan gubar da aka zuba, yaɗa ta kawai take yi. Ga ƙarafan ma, babu takamaiman iyakar da aka sa wa kowannensu. Gurɓacewar launin ruwan ake aunawa a madadinsu, alhali ƙarfen da ya narke ba ya sa ruwa ya yi duhu.

Ƙasashe sun fara gajiya da jira. Singafo ta hana zubar da wannan ruwa a tasharta tun farkon 2020, Sin ma ta hana a tashoshinta da manyan kogunanta. Denmak, Suwidin da Finlan sun bi sahu a ruwan gaɓarsu daga 1 ga Yulin 2025. Sai dai hanin ɗaiɗaiku ba ya wadatarwa, don jirgi zai kashe famfo a inda aka hana, ya kunna a inda ba a hana ba.

Kila ka ce me ya haɗa ka da teku, kai da kake Kano ko Maraɗi? Shadda da wayar hannu da kayan gyaran mota da ke kasuwanninmu, yawancinsu a jirgi suka iso Apapa ko Kwatano. Can kuma akwai masunta da ke cin abinci daga ruwan da jiragen ke tsayawa.

A ganina mafita a fili take. Akwai na'urar da ke juya ruwanta a ciki, ta tara dattin a sauke a tudu. Ta fi dama-dama, duk da ita ma tana tsiyayar da ɗan gurɓataccen ruwa. Abin da ya fi shi ne a daina ƙona baƙin man gaba ɗaya, a koma mai ƙarancin sulfa, kamar yadda mafi yawan jirage suka riga suka yi. In dai ana so dokar ta cika manufarta, dole IMO ta ƙirga abin da ke fita ta ƙasan jirgi kamar yadda take ƙirga wanda ke fita ta samansa.