Ƙosan Bahia da Matan da Ke Soya Shi

A Salvador, babban birnin jihar Bahia da ke arewa maso gabashin Birazil, da la'asar ta yi sanyi sai ka ga mata sanye da fararen kaya, da ɗankwali da tsakiya a wuya, suna kafa teburansu a bakin titi da dandali. Abin da suke soyawa sunansa acarajé, kuma duk Bahaushen da ya leƙa kaskon zai gane shi nan take, domin ƙosai ne. Wake ne ake jiƙawa a surfe, a markaɗa shi da albasa da gishiri, a buga ƙullun har ya tashi, sannan a riƙa sakawa a tafasasshen mai. Bambancin yana ga man da kuma girman. Da manja suke suya, kuma ƙwaya ɗaya takan kai dunƙulen hannu. Idan ya soyu sai a tsaga shi biyu a cusa masa vatapá, wani haɗi mai kauri na burodi da madarar kwakwa da gyaɗa da manja, a ƙara miyar kuɓewa da suke kira caruru, da busasshen jatan lande, da yankakken tumatir, da barkono gwargwadon abin da mai saye zai iya ɗauka. A gefen teburin akwai abará, ƙullun waken da aka turara cikin ganyen ayaba, wato alala.

Wannan kamanni ba dace ba ne. Bahia na cikin wuraren da aka fi jibge bayin da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma, kuma Yarabawa ne suka kai wannan girki can. Hausawa ma sun taka ƙasar. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun jefa da yawansu hannun masu fataucin bayi, kuma tarihin Bahia ya riƙe sunansu a yunƙurin tawayen 1807 da na 1814, kafin babban boren bayi Musulmi na watan Janairun 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa. A titunan da aka yi wannan gwagwarmaya, akwai wata ta daban da ba a cika ba da labarinta ba. Iyayengiji kan saki kuyanginsu su fita talla, bisa sharaɗin su kawo wani kaso da aka yanka musu. Abin da ya yi saura nasu ne. Da wannan ragowa wasu matan suka tara kuɗi har suka fanshi kansu, tun kafin Birazil ta haramta bauta a 1888. Teburin ƙosai ya ciyar da 'ya'ya, ya biya haya, ya kuma wuce daga uwa zuwa 'ya.

Shi ya sa nake ganin hukumar kula da kayan tarihi ta Birazil, IPHAN, ta yi hangen nesa a 2005. Abin da ta rubuta a kundin gadon ƙasa shi ne sana'ar matan, wato baianas, da duk abin da ke tattare da ita: shigarsu, yadda suke jera tebur, yadda suke haɗa ƙullu, da zamansu a bakin hanya. Girki kowa na iya koya daga littafi. Wurin zama a dandali kuwa, da cinikin da ake yi ido da ido da mutanen unguwa shekara da shekaru, su ne ake iya ƙwacewa daga hannun talaka, su ne kuma ke buƙatar kariya.

Akwai kuma batun addini, wanda bai kamata a ɓoye wa mai karatu ba. A Candomblé, addinin da ya samo tushe daga bautar gargajiya ta Yarabawa da maƙwabtansu, acarajé abincin da ake miƙa wa Iansã ne, kuma farar shigar matan daga can ta fito. Da wasu masu sayarwa suka koma majami'un bishara, sai suka ajiye shigar, suka sauya wa ƙosan suna suka jingina shi ga Yesu. Rikici ya tashi, har hukumar birnin ta tsaya kan cewa mai sayar da acarajé a titi sai ta sa kayan gargajiya. Ina fahimtar matar da ba ta son sa tufafin addinin da ta bari, domin ita ma abinci take nema. Amma ina ganin masu ƙorafin sun fi ta hujja: a ci ribar abu a kuma goge sunan waɗanda suka riƙe shi cikin wahala, wannan ba adalci ba ne.

Ba a Birazil kaɗai ake ganin haka ba. A Lima ta ƙasar Peru, anticucho, tsiren zuciyar sa da ake jiƙawa a ruwan tsami da barkono da tafarnuwa, ya fito ne daga hannun bayi baƙaƙe da ake bar wa kayan ciki. Yau manyan gidajen abinci na alfahari da shi, alhali matan da ke gasa shi a kan amalanke da dare su ne suka raya shi.

Wani ƙalubalen kuma shi ne motocin sayar da abinci. Bayan São Paulo ta yi dokar abincin titi a ƙarshen 2013, motoci masu fenti da fitilu suka cika wuraren shaƙatawa. Ba laifi ba ne, kuma da yawansu suna da tsabta da iya girki. Sai dai mota jari take so, da lasisi, da wurin ajiyewa, abubuwan da mai tebur ɗaya da kasko ɗaya ba ta da su. Idan hukuma ta auna tsabta da tsari da ma'aunin mai mota, to ta kori mai tebur ba tare da ta furta ba.

Matan Salvador sun san wannan haɗari, kuma ba su zauna jiran tausayi ba. Lokacin da ake shirin gasar cin kofin duniya ta 2014, ƙa'idojin FIFA sun keɓe cinikin abinci a filayen wasa ga kamfanonin da aka ba izini, abin da zai fitar da su daga filin Fonte Nova inda suka daɗe suna sayarwa. Ƙungiyarsu ta tattara sa hannun dubban mutane, ta yi zanga-zanga, ta kai kuka har fadar shugabar ƙasa. A ƙarshe aka ware wa wasu kaɗan daga cikinsu wuri a harabar filin tun daga gasar nahiyoyi ta 2013, suka soya ƙosansu a can cikin fararen kayansu.