Nem Ya Hau Tebur, Cuku Na Ƙasan Jaka

Hutun bana na bar Dakoro zuwa Yamai, aboki ya kai ni gidan abincin Faransawa. Nama ɗan mitsitsi, miya lami, kuɗi jika 7! Nem kaɗai ya burge ni, soyayyen naɗin nan na mutanen Biyetnam. Su da suka kayar da Faransa a Dien Bien Phu a 1954, ga abincinsu kan teburin Bafaranshe, da sunansa na gida.

Mu fa, 'yan uwa? Na duba takardar abincin kaf: ba cuku, ba kilishi, ba dambun zogale. Ban ga laifin mai gidan ba. Mu ne ke ɓoye cukunmu in mun shiga birni, kar a ce mana 'yan ƙauye.