Zikiri a Lasifika, Zuciya a Kasuwa

Idan ka ratsa unguwarmu ta Briqueterie a Yawunde da yamma, za ka ji hailala tana tashi daga shagon tela, daga teburin mai tsire, daga wayar mai babur. Ni ma da hannuna a ciki: na daɗe ina sa irin waɗannan faifai a shirina, duk lokacin da baƙo ya makara ko aka samu giɓin minti uku.

Ba zan raina su ba. Muryoyin da daɗi, kuma tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita tana samun abokin zama. Amma saurari yadda ake haɗa da yawansu: an ƙara amsa-kuwwa, an gaggauta karatun, an shimfiɗa masa kiɗan kwamfuta a ƙasa. An yi shi ne don ya ratsa hayaniya, kunne ya ji daɗi hannu yana kan aiki. Mu kuma a rediyo sai mu yanke shi a tsakiya mu sa tallar sabulu.

Kwatanta wannan da wazifar 'yan Tijjaniyya a masallatan unguwar nan. Ana zama da alwala, a kewaye farin ƙyalle. Istigfari 30, Salatil Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Daga farawa har gamawa ba a hira. Ƙidayar kanta linzami ce: da zarar hankali ya tafi ga bashin da ake binka, lissafi ya ɓace, dole ka dawo. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da yake jera abubuwa shida da ke raya salla a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, halartar zuciya ya sa a farko, wato zuciya ta kasance inda harshe yake.

Wannan abin Turawa ke nema da kuɗinsu. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako takwas a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, yana koya wa marasa lafiya su zauna su lura da numfashinsu, hankali ya gudu su komo da shi. Manufa ta bambanta, domin mai zikiri Ubangijinsa yake tunawa, amma horon ɗaya ne: a tsaya, a mai da hankali wuri guda.

Faifan kuwa ba ya neman komai daga gare ka. Yana yi, kana cinikin atamfa, kana ganin kamar ka yi ibada. Abin da nake tsoro shi ne yaran da ke tasowa su haddace kowace kalma, alhali ba su iya zaman minti goma shiru.

Na daina cike giɓi da zikiri. Idan zan sa shi yanzu, nakan ce wa mai sauraro ya ajiye abin da ke hannunsa, kuma ba na yanke shi don talla. Abokan aikina, ku gwada haka ko da mako guda ne.