Alƙalin Littattafanmu Hukunci Biyu Kawai Ya Sani

Duk mai bin littattafan Hausa da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad ya san wannan babin. An yi kisa, an kama jarumi, kotu ta cika maƙil. Alƙali ya tambaya, wanda ake tuhuma ya sunkuyar da kai ya ce shi ya aikata. Kafin shafin ya ƙare an yanke masa hukuncin rataya, mahaifiyarsa ta yanke jiki ta faɗi. In marubuciyar na son sa da rai, sai a babi na gaba wani matashin lauya ya ɓullo da faifan bidiyo, a wanke shi tas, a sa ranar biki. Finafinanmu masu dogon zango ma wannan hanyar suke bi. Ko rataya ko saki, babu na uku.

Sana'ata rubuta manhaja ce, na kuma san amfanin tambayar da ba ta da amsa sai e ko a'a, don da ita kwamfuta take aiki. Amma ba haka aka gina shari'ar kisa ba, ko a dokar Final Kod ko a fiƙihun Malikiyya, kuma labarin da ya mayar da ita haka ya zubar da tsoka ya riƙe ƙashi.

Wancan babin ma ba ya yiwuwa. A babbar kotu, idan laifin da ake tuhumar mutum da shi hukuncinsa kisa ne, ko ya ce ya amsa alƙali ba zai karɓa ba. Dole ya rubuta masa cewa bai amsa ba, masu gabatar da ƙara su kawo shaidu su tabbatar. Tsohuwar dokar tafiyar da shari'un laifuka ta Arewa ta tanadi haka, dokar tarayya ta 2015 ta maimaita. Mu mutanen Wudil mun ga misali a maƙwabta. A 2014 aka kama wata yarinya 'yar shekara 14 daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gaya, bisa zargin sa shinkafar ɓera a abincin da ya kashe mijinta da wasu mutum uku. 'Yan sanda sun ce ta amsa a gabansu. Duk da haka sai da aka yi watanni ana zama a babbar kotun Gezawa, har gwamnati ta janye ƙarar a 2015. Da a littafi ne, da shafi biyu sun isa.

Inda amsa laifi ke aiki shi ne wurin da marubutanmu ba sa leƙawa. Sashe na 222 na Final Kod ya jero kisan da ba a kashe mai shi: wanda aka tunzura shi nan take har hankalinsa ya gushe, wanda ya wuce iyaka wajen kare kansa, wanda ya faru cikin faɗan da ya tashi ba shiri, da wanda ganganci ko sakaci ya jawo. Sashe na 224 ya ce hukuncinsa ɗaurin rai da rai, ko ƙasa da haka, ko tara, ko a haɗa. Daga tara zuwa ɗaurin rai da rai! Wannan fili duka an bar shi a hannun mutum ɗaya da alƙalaminsa.

A ɗauka ranar Juma'a ce a karar Wudil, kasuwa ta cika. Samari biyu sun yi musu kan la'adar sa guda, ɗaya ya zagi uwar ɗaya, sanda ta tashi sau ɗaya, wanda aka buga ya faɗi, bai kai asibiti ba. Wanda ya yi dukan bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba sai ranar. Majistare ba shi da hurumi, sai ya tura shi gidan yari a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. Ranar da ya tsaya a babbar kotu ya ce ya amsa, labari bai ƙare ba, yanzu ma ya fara. Alƙali zai ba shi dama ya roƙi sassauci. Lauyansa zai ce wannan ne laifinsa na farko, bai ɓata wa kotu lokaci ba, bai gudu ba, shi ya ɗora mamacin a kan babur, ga tsawon zaman da ya riga ya yi a Kurmawa ko Goron Dutse. Duk gaskiya ne. Amma a bencin baya ga matar da ta fita takaba da goyo, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da ya shafe ta. Alƙali na neman adadin shekarun da zai furta, ya kuma san duk wanda ya furta, gida ɗaya zai ce ya yi yawa, ɗaya ya ce jinin ɗansu ya tafi a banza.

Ita kanta kalmar "na amsa" tana da fuska biyu. Nadama ce, ko lissafi? Ko kuwa gajiya ce da zaman jiran shari'a, har mutum ya gwammace a faɗa masa ranar fitarsa? Shi kansa mai furta ta ba lalle ya sani ba. Ban ga abin da ƙagaggen labari zai nema da ya fi wannan ba.

Kuma jiharmu na da doka biyu, ba sa kallon sandar nan da ido ɗaya. A Malikiyya, wanda ya doki wani cikin fushi da gaba ya mutu, ko da sanda ce, kisan ganganci ne, tunzura ba ta zama uzuri. Sai dai magadan mamaci na da ikon yafe ƙisasi, sannan a yi wa mai laifin bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Kisan kuskure kuwa, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ajiye masa diyya da kaffara, malamai suka ɗora diyyar raƙuma 100 a kan dangin wajen uba. Wannan saɓani ya taɓa girgiza Arewa. A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsoho Gubba, wanda ya kashe kwarton matarsa, saboda a dokar Turawa tunzura na rage laifin. Taƙaddamar da ta biyo baya na cikin abin da ya haifar da Final Kod a 1959. Zaman dangi kan karo-karon diyya, kawu ɗaya na cewa a yafe, wa na cewa sai jini: wannan kayan labari ne namu na gida, amma da wuya ka ci karo da shi a rubuce.

Chinua Achebe ya gane haka tun 1958. A Things Fall Apart bindigar Okonkwo ta fashe a wajen jana'iza ta kashe yaro. Ba a kashe shi ba, ba a kuma yafe masa ba. An kore shi shekara bakwai zuwa garin mahaifiyarsa, kuma a cikin shekarun nan ne duniyarsa ta juye.

Na fahimci matsin da marubutanmu ke ciki. Wadda ke sakin shafi kullum, masu karatu sun biya kuɗin shiga rukuni suna jira, ba ta da sararin bin ɗage zama bayan ɗage zama. Mun kuma tashi da cewa alhaki kwikwiyo ne, muna son ganin ya cim ma mai shi kafin mu ajiye waya. Amma abin na da tsada. Mai karatun da ya ga kotu sau hamsin a littafi, bai taɓa shiga ta gaske ba, ranar da ya ji an ɗaure wani shekaru kaɗan kan rai, abu ɗaya zai faɗo masa: an sayi alƙali. A duba sharhin da ake yi a Facebook ƙarƙashin irin waɗannan labarai. Kusan ba mai tambayar wane sashe aka tuhumi mutumin da shi.